Yadda Za Ka Noma Magani a Kwalba Ka Burge Surukai

Kai ɗalibin da ya dawo hutu daga jami'a, kana so gidan surukai su daina ce maka "yaron nan"? Bi matakan nan, aiki tabbas. Mas'udu na Guci ya bi su, har yau zancensa ake ranar kasuwa.

1. Yi alkawari tukuna

Mas'udu ya je gaida Malam Dikko, baban Ruma'isa da yake nema, ya iske shi yana fama da ciwon ciki. Nan take ya ce a labo, ɗakin gwaje-gwajen jami'a, an koya musu tsirar da magani daga guntun ganye, ba ƙasa ba damina, a ba shi sati biyu. Kai ma yanke rana, ilimin zai biyo baya.

2. Kafa labo

Kwashe kwalaben man shafawar innarka. Yanka ganyen sabara mitsi-mitsi, wanke da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. A labo kan wani farin abu mai daskarewa ake ɗora shi. In babu, kunu da sukari ya isa. Hana kowa shiga ɗakin, ka ce numfashinsu ba shi da tsabta.

3. Duk abin da ya tsiro, nasara ce

Kwana tara, wani abu kore mai gashi ya rufe kunun. Innar Mas'udu ta ce fumfuna ce. Sai ya raɗa masa sunan Faransanci. Abu mai sunan Faransanci ba ya ruɓewa.

4. Gwada ƙarfinsa

Fara da akuya. Ta gidan su Mas'udu ta sansana, ta tsinke igiya. Haka ya ɗauki kwalbar ya kai wa surukinsa. Dattijon ya jujjuya ta, ya ce, "Ɗana, bismillah, fara sha in ga yadda ake yi."

Ruma'isa tana leƙe daga zaure. Mas'udu ya sha.

5. Rubuta sakamako

Kwana uku yana zarya tsakanin ɗaki da bayan gida. Daso, kakar yarinyar, ta tsinko sabarar bakin hanya ta dafa, ta ɗirka musu, shi da Malam Dikko, duka suka miƙe. Mas'udu ya rubuta a kaye, littafinsa na makaranta: an gwada sabara kan mutum biyu, tana aiki.

Malam Dikko kuwa ya ce a turo manya. Wanda ya sha wannan abu don ɗiyarsa, in ji shi, ba tuwon da zai raina.

Gargaɗi: mai wannan rubutu bai san ka ba, bai ga kwalbarka ba. In unguwarku ba tsohuwa kamar Daso, tsaya a mataki na ɗaya.