Yadda Na Share Bello Huɗu

A zamanin soja aka kawo wa ma'aikatarmu kwamfuta, ni kaɗai kuma na je kwas a Kaduna, saboda haka har tafiyata ta canja. Da umarni ya zo daga sama cewa a zaƙulo ma'aikatan bogi, na ce wa Darakta ya kwantar da hankalinsa, aikin shan shayi ne.

Na umarci na'urar ta fito da duk waɗanda sunansu, garinsu da ranar haihuwarsu suka zo ɗaya. Sai ga Bello Dundaye har sau biyar, duka haihuwar farkon Janairu. Na ce, "Ɓarayi!" Na bar ɗaya, na share huɗu, na zagaya ofisoshi ina karɓar jinjina.

Ni haifaffen Sakkwato, wai na manta rabin garin Bello ne, kuma duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba, farkon Janairu akawu ke rubuta masa.

Ranar Litinin na tarar da dattawa huɗu a ƙofar ofishina: direba, mai gadi, masinja da mai ban ruwan fulawa. Direban ya ce, "Ɗana, ga mu mun taho. Nuna muna na bogin cikinmu."

Wanda na bari kuwa, ashe shi ne ya daɗe da rasuwa.

Har yau in an raɗa wa jariri Bello a unguwar Runjin Sambo, sai wani ya hango ni ya ce, "Ku ɓoye yaron, ga mai sharewa nan tafe!"