Tekun Mai Girma da Kabejin Pwajok

Yau da safe na fita da jarkoki neman ruwa, na dawo gida da teku. Maiɗakina ta kurɓi shayin da aka dafa da shi, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in mayar wa mai shi kayansa.

Mai shi kuwa ba baƙo ba ne a layinmu na Daɗin Kowa. Mai Girma Uban Alkawura ne, wanda ya rantse mana lokacin zaɓe cewa famfo zai kawo ruwa har mu gaji. Famfon yana nan, gizo-gizo ya tare a ciki da iyalinsa. Shi kuwa Mai Girma ya je ƙasar waje, ya ga kifaye masu launi suna yawo cikin murjani a akwatin gilashi, ya ce sai an yi masa irinsa a falo. A Jos fa, kan dutse.

Maƙwabcina Ikechi mai gyaran famfo aka ɗauka ya haɗa bututai. Ya leƙa da ni ɗakin injinan kifin, sai da na cire hula. Ga injin tura ruwa, ga na tacewa, ga wani da ba shi da aiki sai kwashe kumfa. Akwai hita don kada sanyin Jos ya taɓa su, akwai janareta da batura, saboda ba a ɗauke wa kifi wuta. Gishirin ma a jirgi ya zo, wai namu na miya bai yi karatu ba.

Na ce, "Oga Ikechi, wannan bututun da ya huda katanga fa?"

Ya ce, "Na ruwan da inji ya ƙi ne, Malam. Tanka zai kawo ruwa, inji ya zaɓi kaɗan ya ba kifi, sauran a zubar. Ruwa ne mai kyau, kifi ne kawai bai so."

Da haka unguwa ta samu ruwa. Da Mai Girma ya hango layin bokitai bayan katangarsa, ya sa aka shafa wa bakin bututun fenti, aka ɗaura ƙyalle, ya zo da masu hoto ya yanka. An yi tafi. Ni ma na yi, don jarkata tana layi.

Wanda ya fi kowa murna shi ne Pwajok, dattijo mai lambu a gangaren katangar. Rijiyarsa ta ƙafe a ranin nan, kuma da kabejin nan yake ciyar da gidansa. Ya haƙa 'yar hanya daga bututun zuwa lambun. Kabeji ya farfaɗo, ya fara dunƙulewa, saura kaɗan a kai kasuwar Bukuru.

Abin da ba a faɗa a jawabin ƙaddamarwa ba shi ne, kifin yana canja ruwa. Lokaci-lokaci ake kwashe na gishirin a zuba sabo. Ikechi ya nemi a sa bututu na biyu, aka ce masa huda katanga zai ɓata hoton aikin da aka ƙaddamar. Shekaranjiya aka fara sakin tekun ta bututu mai fenti. Ni shayi kawai na rasa. Pwajok ya tarar da kabejinsa a kwance, ƙasar ta yi fari-fari. Wallahi na ji tausayinsa, na kuma ji haushi.

Na raka shi ƙofar gidan mai kifin. Mai Girma ya sauke gilashin mota ya saurare mu, Allah ya saka masa.

Pwajok ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwanka ya kashe mini gona."

"Baba, mutum nawa a garin nan suka taɓa ganin teku? Kai har gona na kai maka." Ya ƙara da cewa za a kafa kwamiti ya binciki kabejin, a gano dalilin da ya sa ba ya tafiya da ci gaba. Gilashi ya hau.

Da yamma na iske Pwajok yana toshe hanyar ruwan da duwatsu. Bai ɗago ba ya ce, "Malam, kifin nan, ana cinsa?"

Na ce a'a, kallonsa ake yi.

"A ba shi wuta, a ba shi ruwa, a ba shi ɗaki. To shi wa yake ciyarwa?"

Na so in gaya masa mun daɗe muna bin layi muna zaɓen irin wannan kifin, amma mutumin da kabejinsa ya mutu ba ya buƙatar ƙarin bayani.