Rasuwar Wuƙar Baba Mai Cin Harsashi Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka kwana tara ba su runtsa ba, nake sanar da dangi da abokan arziki rasuwar wuƙar mahaifinmu, wadda ta shekara arba'in da ɗaya a gidanmu.

Marigayiyar ba wuƙa ce kawai ba, domin a cikin ƙotarta akwai 'yar bindiga mai cin harsashi ɗaya. Ta yi zamanta da kamun kai. Ta fiƙe mana fensir, ta yanke igiyar shanya, ta kwana ƙarƙashin matashin Baba ba ta taɓa tayar da kowa ba. In an buɗe ta takan ce "ƙyas". Sau ɗaya a shekara Baba kan ɗana ta a wani kututture a bayan gida, ta ce "tau", ya goge ta ya mayar.

Aibinta ɗaya ne, kuma ba ita ta jawo shi ba. Da ƙusa Baba yake sakace mata ciki. Ƙusar ta bar mata tabo, tabon kuma yakan zana karkataccen layi a jikin duk harsashin da ya bi ta kansa. Ina da guda, wanda na tono daga kututturen ina ɗan shekara goma.

Ciwon ajalinta ya soma ne a ɗakin binciken harsasai inda nake aiki. An kawo mini harsashin da likita ya ciro daga ƙirjin wani tela da aka kashe. Da na ɗora shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai na ga layin. Na ce wa kaina ai ƙusa ba ɗaya ba ce a duniya, na yi kwana tara ina maimaita hakan. Ran na goma na zo da harsashina na ƙuruciya, na jera su gefe da gefe. Layukan suka dace kamar wa da ƙane.

Tun rasuwar Baba, wuƙar a hannun yayana take.

Ta rasu ta bar kubenta na fata. Ta bar yayana a tsare. Ta bar mahaifiyarmu, wadda ta ce karatun da ya kai ɗan uwa kurkuku ba karatu ba ne, tun daga ranar kuma ba ta amsa gaisuwata ba. Ta bar matar tela da 'ya'ya uku, da wani wando a kan keken ɗinki wanda ba a gama kalmashe ƙafarsa ba.

Game da jana'iza: na rubuta rahoto, na sanar da shugabana dangantakata da marigayiyar, na ɗaura mata lambar shaida da hannuna. Bayan shari'a za a narkar da ita a tanderu, babu wanka, babu likkafani.

Ba za a yi zaman makoki a gidanmu ba. Mai niyyar yin ta'aziyya ya wuce ƙofarmu, ya kai ta gidan tela.