Janar Orval a Kwanar Gwauruwa

Duk faɗin duwatsun Colorado, in ana zancen farautar akwati, to a cire hula kafin a ambaci Orval Stensrud. Wani zai ɓoye ɗan akwati a daji, ya sa lambobin wurin a intanet, saura su bi waya su nemo, su sa hannu a takardar ciki. Mu wasa muke ce masa. Orval "aiki" yake cewa, har da rage murya.

Shi ya kafa ƙungiyarmu, shi ya tsaya takarar shugabanci, shi ya ƙirga ƙuri'a. Janar muke kiransa, ko da yake katifu ya sayar har ya yi ritaya. Rigarsa duk aljihu ce kamar ramukan gafiya. Lambar Na-Fari kuwa, wadda ake ba wanda ya fi kowa riga kowa gano sabon akwati, ta daɗe a ƙirjinsa har ta yi masa shaida.

Sai bana wata tsohuwa mai suna Maxine ta kamo shi, suka yi kunnen doki. Ana cikin haka aka sanar da sabon akwati, wanda wani baƙo ya ɓoye tun kaka a Kwanar Gwauruwa. Kowa ya san kwanar. Can dusar ƙanƙara ta taɓa zaftarowa ta shafe sansanin masu aikin hanya, har yau ga allo nan: kada a tsaya.

Muna shan kofi a shagon Lorna labarin ya shigo wayoyinmu.

"Ni kam na haƙura sai ƙanƙara ta narke," in ji Maxine. "Ina da jikoki."

"Janar, zauna ka ci fankekenka," in ji Lorna. "Tun farkon mako take zuba. Yau ma masu aikin hanya za su rufe kwanar, su harba igwa su zubo da wadda ta taru a kan dutse."

Janar ya miƙe ya gyara bel. "Lorna, soya ƙwai daban, karatun dutse daban. Dutsen nan ya san ni. Ita ma ƙanƙara ta san wanda take faɗo wa. Ke kuma Maxine, wannan dabarar taki ta yin kamar an haƙura, ni na koya wa wanda ya koya miki."

In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Janar ya riga masu rufe hanya wucewa. Da yake mai hangen nesa ne, ya cusa sabuwar motarsa bayan tudun ƙanƙara, ya lulluɓe ta da farin tamfol don kada Maxine ta gani ta biyo sahu. Aiki ya yi kyau. Ko shaho ba zai gane ta ba.

Yana tsakiyar tono sai ga motar masu sintiri tana tafe a hankali, lasifika na tambaya ko akwai sauran mutum a hanya. A nan Janar ya nuna tarbiyya. Babbar dokar wasanmu ita ce kada bare ya gan ka kana nema, kuma shi ya fi kowa yi mana wa'azinta. Ya kwanta rub da ciki bayan itace, ya riƙe numfashi. Suka duba, suka sake dubawa, suka wuce.

Igwa ta yi magana, dutse ya amsa.

Allah ya so gefen zaftarewar ne ya share shi. Lorna ce ta buga waya da ta ga kofinsa ya huce bai dawo ba, masu ceto suka fita da karensu, Pickles. Karen ya shinshina, ya yi tono, sai ga kan shugabanmu ya fito kamar kabewa, babu hula.

"Malam, me ya kawo ka nan?" in ji mai karen.

Haƙora na kaɗawa, Janar ya ce, "Shan iska."

Motar dai tana can binne tare da akwatin, ba mai ganinsu sai zafi ya shigo.

A taron ƙarshen shekara ya zo da sanda, ya yi mana dogon jawabi a kan jarumta. Muka saurara, don ba kyau katse babba. Da ya zauna Maxine ta ɗaga hannu.

"Shugaba, tambaya. Wanda ya fara gano abin da aka binne a Kwanar Gwauruwa, shi ke da lamba, ko ba haka ba?"

"Haka doka ta ce."

"Kuma doka ta ce wanda ya gano ya ɗauki abu, ya bar abu a madadinsa. To, mai karen ya shaida mini Pickles ya zaro busasshen nama daga aljihunka. Sannan ya ɗaga ƙafa ya bar nasa."

Aka kaɗa ƙuri'a, wannan karon Lorna ta ƙirga. Lambar tana nan a wuyan Pickles, kuma ko sau ɗaya bai taɓa yi mana jawabi ba.