Zelipa Ta Je Neman Shaida a Rumfar Kifi

"Sannu da zuwa, alƙaliyar ɓeraye. Yau an tashi kotu da wuri ke nan?"

"Yauwa, sannu ɓarawon Bemba. Ya kasuwa, ya kifin sata?"

"Kifi lafiya lau. Tsaya daga can, kada warin ɓeran da kika karya kumallo da shi ya kore min masu ciniki."

Zelipa Jere ba ta tsaya daga can ba. Ta ture kwandon ƙananan busassun kifin nan, kapenta, gefe, ta ɗora jakar littattafanta a kan bencin Ba Kangwa mai kifi, ta zauna kamar rumfar gadonta ce. Ita 'yar ƙabilar Ngoni ce, shi Bemba. Kakanninsu sun gwabza yaƙi har suka gaji suka mai da shi wasa, don haka duk kasuwar Kabwe babu mai ɗaga kai in ya ji suna yanka wa juna magana.

Amma yau ba wasa kaɗai ya kawo ta ba. Da can shagon ɗinkinta ne ke jikin rumfar Ba Kangwa, har ranar da Sikazwe, mai shagunan layin, ya zo da sassafe ya ɓalle kwaɗonta ya sa nasa, ya fitar da keken ɗinki da atamfofin mutane ya jibge a cikin ruwan sama, don ɗan ƙanensa na son wurin. Ba ta yi masa laifi ba, bai kuma ba ta wa'adi ba. Takaicin wannan ne ya kai ta ajin yamma na koyon dokar kasuwanci, da furfurarta, tana zama a cikin sa'o'in 'yarta. Yanzu ta kai ƙara, ranar Alhamis za a saurara, lauyar da ke taimaka mata kuma ta ce dole sai da wanda ya gani da idonsa. Ta bi layin kaf, kowa ya ce ranar bai fito da wuri ba. Saura wannan tsohon.

Ba Kangwa ya ɗaga ɗaya daga cikin littattafan da yatsa biyu, kamar mai ɗaga mushe.

"Wannan duk a kanki zai shiga? Kan Ngoni da ko hula ba ta zama?"

"Gemu ba ya hana ilimi, balle ɗankwali. Kai da ka yi shekara bakwai a aji ɗaya har malamin ya yi ritaya ya bar ka?"

"Ƙarya kike. Ni na koya wa malamin lissafi."

"Shi ya sa aka kore shi."

Ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya farfaɗo sai ya ce in dai ta iya karanta masa layi ɗaya ba gargada, to ta ɗauki kwandon kapentar nan duka. Zelipa ta buɗe littafin, ta karanta masa sakin layi guda tiryan-tiryan, ta rufe, ta jawo kwandon gabanta.

"Ka yi tayi, na karɓa, na cika sharaɗi. A doka ciniki ya faɗa. Kawo buhu."

"Ke, sakar min kaya. Wasa nake yi."

"Ka ci sa'a. Malaminmu ya ce maganar da kowa ya san wasa ce ba ta ɗaure mutum, sai wadda aka faɗa da niyya." Ta saki kwandon, amma ba ta ɗauke ido daga kansa ba. "To wadda ka faɗa ranar da aka binne mijina fa? Ita ma wasa ce?"

Ba Kangwa ya shiga korar ƙudan da babu su. Ya tuna sarai. Kamar yadda aka saba, Bemba ne suka haƙa kabarin, su suka dafa abinci, su suka yi ta tsokanar masu makoki don kada kuka ya kashe su. Shi da kansa ya barbaɗa wa Zelipa garin masara a ka, ya ce a gaban jama'a muddin yana numfashi a kasuwar nan babu mai taka ta sai shi.

"Na san inda kika dosa tun da kika zauna," ya ce, ya rage murya. "Baiwata, ki duba. Rumfar nan ta Sikazwe ce. Ana zaune cikin ruwa a yi gaba da kada? Jikoki huɗu nake ci da su da kifin nan."

"Na sani. Ni nake ɗinka musu kayan makaranta."

"To kin gani."

"Na ga Bemba ya ji tsoro. Ashe gaskiyar kakana ce, da ya ce a wurin yaƙi bayanku kawai ya taɓa gani, bai san kalar fuskarku ba."

"Kakanki maƙaryaci ne. Gudu muka yi mu ɗauko muku abinci, don mun ga yunwa ce ta kawo ku."

"To juyo yanzu in ga fuskar."

Bai juyo ba. Wata mata ta zo sayen kifi, ya tashi ya auna mata, ya yi ta jan ciniki da gangan ko Zelipa za ta gaji ta tafi. Ita kuwa ta miƙe ƙafa, ta ɗebi kapenta tana tauna. Ta san in ya ƙi, maganarta ce kawai da ta Sikazwe, shi kuma ya riga ya rantse cewa ita ta kwashe kayanta da kanta. Amma ta ƙudurta ko dare zai yi mata a nan ba za ta tashi ba.

Da ya dawo sai ta ajiye wasa gefe ta yi masa bayani dalla-dalla, kamar yadda aka yi musu a aji. Ta ce mai shago yana da haƙƙinsa, ba ta musu, amma ɗan haya ma yana da nasa. Ba a tashin mai sana'a daga wurin neman abincinsa sai an sanar da shi, an ba shi lokaci, in ya ƙi a je gaban alƙali. Ɓalle kwaɗo ba ya cikin hanyoyin. Ta ce duk layin nan suna rawar jiki ne don ba su san haka ba, Sikazwe kuma ya san ba su sani ba.

"In na faɗi ranar Alhamis, ka ɗauka ɗan ƙane ɗaya gare shi? Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, kai kana tsaye kana shafa wa naka mai."

"In kuma na yi magana ya zo ya ɓalle nawa kwaɗon?"

"Sai ya tarar da ni a bakin ƙofa da littafin nan, da lauyata, da hukuncin da aka yi masa a kaina. Ba zan ce ba zai gwada ba, ban san zuciyarsa ba. Abin da na sani, ba za ka tsaya kai kaɗai ba kamar yadda na tsaya a cikin ruwan nan."

Ba Kangwa ya kalli shagon da yanzu aka cika da wayoyin hannu. Ya ce shi ranar ya ɗauke mata keken ɗinkin ya shigar rumfarsa, ai ya yi nasa. Ta ce ya yi, ba ta manta ba, amma keke ba ya magana a kotu.

"Kuma in alƙali ya tambaye ni da Turanci?"

"Akwai tafinta. Har yaren ɓarayi yana ji."

"Za a sa in rantse?"

"Da Littafi Mai Tsarki. Karo na farko ke nan da Bemba zai riƙe abu ya mayar wa mai shi."

"Allah ya isa tsakanina da ranar da aka buɗe wa Ngoni makaranta." Ya sosa ƙeya, ya yi tsaki, dariya na neman ƙwace masa. "Na faɗa a gaban kabari, ba zan lashe amaina ba. Kada mijinki ya zo min a mafarki, shi ma bai iya gaisuwa ba. Zan je. Amma ba don ke ba, don in ga yadda alƙali zai riƙe dariyarsa in kika buɗe baki."

Zelipa ta sunkuyar da kai tana gyara zaman littattafan a jaka, don kada ya ga idonta ya kawo ruwa ya samu abin yi mata gori har ta mutu.

"Sai dai kwat ɗina na zuwa coci ta yage a hammata," ya ce. "Ki zo ki ɗauka ki ɗinke min kafin Alhamis. Kyauta, tunda ni ne ubangidanki."

"Zan ɗinke, amma sai ka biya."

"In biya? Ni da zan je in tsaya miki?"

"Shi ya sa. In na yi maka kyauta, lauyan Sikazwe zai miƙe ya ce na sayi shaida da zare da allura. Doka ta hana."

Ba Kangwa ya zuba mata ido. Sai ya fashe da dariya yana buga cinya, har mai tumatir na gefe ta leƙo. Ya miƙa hannu can ƙasan tebur inda yake ɓoye na manyan baƙi, ya zaro busasshiyar karfasa mai faɗin faranti, ya naɗe ta a takarda ya dangwara mata a cinya.

"Ga kuɗin ɗinki. Je ki tambayi malamin naku ko doka ta hana shaida ya ciyar da mayunwaciya."