Nomau da Notin da Ya Ƙi Tsayawa

Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Arzika, shi ya sa duk ashar ɗin da aka lailayo a can, sai ta fara sauka a kunnena kafin ta isa ga mai ita. Manya huɗu ne a gidan: Arzika mai gidan, mutum mai zuciya a kusa kamar fetur, matarsa Hajo, tsohuwarsa Inna Tasalla, sai ƙaninsa Nomau. Nomau ya ba arba'in baya, ƙato ne, shi kaɗai yake sungumar buhun albasa ya aza a ka. Ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya musu. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce masa ya tsaya nan, to ka tuna ka dawo ka sallame shi.

Bana Arzika ya sayar da shanun nomansa ya jajibo wata tsohuwar tarakta, ƙaramar nan mai taya biyu da ake riƙewa ana bin ta a baya, wuƙaƙenta na juyawa suna kaftar ƙasa. Ta daɗe yashe a bayan wani sito, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta. Ga irin albasarsa ya fito ya kusa isa dashe. In ba a kafce fadamar ba kafin irin ya tsufa, noman rani ya wuce shi, gidan kuwa da albasar nan yake ci har damina. Ba shanu, ba tarakta, sai tulin tsatsa a tsakar gida.

Aka kira Ɗan'azumi bakanike. Tun bai ajiye jakarsa ba suka fara.

Arzika ya ce, "A cire tsofaffin notin nan duka, a sa sababbi masu ƙyalli."

Ɗan'azumi ya ce, "Malam Arzika, ƙyalli ba ya noma. Wanda haƙoransa ke da rai a wanke a mayar. Wanda ya cinye, shi za a canza."

"Kai ne mai taraktar ko ni?"

"Kai ne. Ni dai mai sifana ne."

Da yake bakaniken yana da wasu ayyukan a gari, sai ya riƙa barin ƙananan ayyuka a hannun Nomau. Nan aka haifi masifa.

Wata rana Ɗan'azumi ya nuna wa Nomau yadda ake kwance noti, ya ce, "Kowanne ka cire, ka ba shi wurinsa daban. Kada ka yarda biyu su haɗu wuri ɗaya, sai mu rasa na ina ne." Nomau ya ce to. Ya kwance na farko ya sa a aljihu. Na biyu a akurkin kaji. Na uku a gwangwanin goron Inna. Da gidan ya ƙare sai ya fita waje: butar masallaci, ramin bishiyar kuka, har takalmina da na bari a zaure ya samu rabonsa. Da azahar Arzika ya kai lomar tuwo baki, sai muka ji ƙas! Ya tofo noti tare da rabin haƙori.

"Uban wa ya sa ƙarfe a miya?"

Nomau ya ce, "Ni ne, Yaya. Shi kaɗai ne a tukunyar, na duba."

"Kai, ubanka!"

Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Arzika, ka dai san uban naku ɗaya ne." Kwana biyu gidan na farautar noti, irin albasa na ƙara tsawo.

Wata rana, bayan an tattaro abin da aka samu, Ɗan'azumi ya ware waɗanda tsatsa ta kama ya zuba a kwano, ya ce, "Goge su har su yi sumul." Ya hau babur ya tafi. Nomau ya duba ya ga toka da tsumma ba za su yi ba, don duk yadda ya goge, in ya shafa sai ya ji kaushin haƙoran nan da ke zagaye da jikin noti. Sai ya ɗauko dutsen niƙan Hajo. Wuni ya yi yana gurzawa, gumi na zuba. Da bakaniken ya dawo, Nomau ya miƙa masa kwanon yana murmushi. Notin nan sun yi sumul kamar tsinken tsire, ko haƙori ɗaya babu.

Ɗan'azumi ya zauna a ƙasa ya dafe kai. "La ilaha illallahu. Ka kashe su."

Hajo kuwa dutsenta ta gani ya yi rami. Ta ɗaure gyale a ƙugu ta ce wa mijinta, "Malam, ko taraktar nan ta bar gidan nan ko ni in bar shi! Da me zan niƙa barkono, da goshin ƙaninka?"

Arzika ya bi Nomau da bulalar shanu, abin da ya rage masa ke nan na shanun. Nomau bai gudu ba, don ba a ce ya gudu ba. Wannan ya ƙara tunzura Arzika har ya rasa inda zai fara duka, ya jefar da bulalar kan rufin ɗaki.

Wata rana, ranar kasuwa, dole ta sa a sayi na maye gurbin waɗanda aka kashe. Arzika ya ba Nomau tsohon noti guda, ya kama kunnensa ya ce, "Ka sayo irin wannan sak. Sak na ce! Kada ya bambanta ko da ƙwayar gero." Nomau ya shiga shago bayan shago. Duk wanda aka miƙo masa sai ya kara da nasa ya girgiza kai: wannan fari ne, na Yaya ja ne; wannan a miƙe yake, na Yaya ya ɗan karkace. Wani mai shago ya kore shi da tsintsiya. A ƙarshe ya faɗa wurin 'yan gwangwan ya yi ta tono a cikin bola. Da la'asar ya dawo da ƙunshi: jajaye, karkatattu, cinyayyu, har da wanda ya tsage a daidai inda na Yayan ya tsage.

"Sai da na sha wuya, Yaya. Sababbin ba su yi kama ba ko kaɗan."

Arzika ya yi wurgi da ƙunshin. Ya figi keke ya koma kasuwar da kansa, ya samu wani mai tallan ƙarafa a faranti yana shirin tashi, ya kwaso masu ƙyalli cike da leda, araha kamar ƙasa. Ya dawo ya zube su gaban Ɗan'azumi.

Bakaniken ya auna ɗaya a tafin hannu ya taɓe baki. "Ban yarda da su ba."

"Ba yardarka na saya ba! Irina ya fara ja a baki. Gobe taraktar nan za ta shiga fadama ko ni in shiga kabari."

Wata rana, wato washegarin, injin ya tashi, saura ɗaure wuƙaƙen kafta. Rabi za su sha tsofaffin noti, rabi sababbi. Ɗan'azumi ya tafi neman mai, Arzika zai je ya saki ruwa a fadama. Kafin ya fita, Arzika ya danƙa wa Nomau sifana ya ce, "Saurara da kyau, sakarai. Ka sa noti, ka juya. Kada ka daina juyawa sai ya tsaya. In ya tsaya ka koma na gaba. Ko jaki zai iya wannan."

Rana ta take Arzika ya dawo, ƙafa duk taɓo, a shirye ya ja tarakta. Ya tarar da Nomau a zaune yana juya sifana, yana juyawa, yana juyawa, har da 'yar waƙarsa.

"Ka gama?"

"Tsofaffin sun tsaya tun hantsi, Yaya. Wannan sabon ne ya ƙi. Da farko ya yi kamar zai tsaya, na ƙara masa hannu, sai ya saki jiki. Tun ɗazu muke tafiya."

"Noti ɗaya? Wuni guda a kan noti ɗaya? Allah ya isa tsakanina da kai! Ka cinye mini haƙori, ka cinye mini shanu, yanzu albasa za ka ci!"

Ihun ne ya tara mu. Ɗan'azumi ya iso da galan, ya ture mu, ya zaro notin. Haƙoransa sun kwanta sun zama gari. Ya ɗauko wani sabo daga leda ya ba Nomau ya ɗaura. Juyi kaɗan, shi ma ya saki. Na uku tsinkewa ya yi kamar rake.

Ɗan'azumi ya ce, "Malam Arzika, da ni na ɗaure su, da na ji sun ɗan kama zan bari. Kai ma haka. Sai an shiga ƙasa mai tauri wuƙa ta fizge ta yo baya. Wa ke tafiya a bayan wuƙaƙen nan?"

Arzika ya sunkuya ya kalli ƙwaurinsa. Ya daɗe yana kallo.

Bakaniken ya kwance tsofaffin notin murfin inji ya ɗaure sauran wuƙaƙen da su, murfin kuma ya ɗaure shi da waya. Kowanne sai da Nomau ya sa masa hannu ya tsaya cak. Kafin magariba tarakta na cikin fadama tana tuttula hayaƙi, Hajo da yara na biye da kwandunan iri.

Ban ji Arzika ya ce an gode ba, kuma ban sa rai ba. Yana cikin kafta sai ga Nomau a bakin kunya, da sifana a hannu, da sabon notin nan a jikin wani guntun ƙarfe.

"Yaya! Wannan fa har yanzu bai tsaya ba. In ci gaba?"

Arzika ya dubi irin albasar da ake shirin dasawa, ya dubi hannuwan ƙaninsa. Ya daka masa tsawa:

"Ci gaba! Je ka can ƙarƙashin tsamiya, nesa da gonata. Kada ka kuskura ka daina!"