Inda Dutsen Ya Ƙare wa Cindo

A garinmu Kwarin Ɓaure, can gindin dutse, akwai gidan Inna Gwamma, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gonar dankalin turawa da 'ya'ya biyu. Babban shi ne Cindo, mai gemu har da furfura, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Ƙaramar ita ce Tasalla, wadda ta yi boko ta rubuta wa ƙungiyar manoma manhajar da ke tura musu saƙo a waya in laima ta yi yawa, don su yi feshi kafin cuta ta ƙone ganyen dankali. Bara manhajar ta yi shiru, cuta ta cinye rabin gonakin gari. Bana irin da ya rage wa Inna ke nan a ƙasa, manhajar kuma tana ta cewa iska a bushe take, alhali raɓa na jiƙa mana wando har gwiwa. Ni maƙwabcinsu ne, kuma na ji tausayin yarinyar nan ƙwarai.

Wata rana Tasalla ta ba Cindo ma'aunin laima ta ce, "Yaya, ka kai shi gona, amma kada rana ta taɓa shi." Cindo ya kai, ya tona rami, ya binne, ya zauna a kai har azahar. Da aka tono shi cike da laka, sai ya ce, "Ko sau ɗaya ba ta gan shi ba." Kwana biyu Tasalla ta yi tana goge shi da gashin kaza.

Wata rana ya tarar da ita ta zuba wa kwamfuta ido, ya tambayi abin da ke damunta. Ta ce, "Masu hasashen yanayi suna aiko mini da lissafin iska hawa-hawa, kamar matakan tsani. Garinmu ya faɗo tsakanin mataki biyu, babu namu. In babu mataki, sai a duba na sama da na ƙasa, a ɗauki tsakiya." Cindo ya gyaɗa kai. Da yamma Inna ta sa shi ɗauko masara a rumbu, tsanin kuwa matakinsa na huɗu ya daɗe da karyewa. Ya dubi na sama, ya dubi na ƙasa, ya taka tsakiya. Ana ɗaure masa ƙafa yana cewa, "Na duba duka biyun, wallahi." Babu wanda ya yi dariya, don Tasalla kuka take yi.

Wata rana, bayan ya warke, aka ga baƙin tabo a ganyen wata gona a hayin rafi. Shugaban ƙungiya ya aiko cewa in mako ya cika ba gyara, a daina tura saƙon. Tasalla ta bi lissafinta layi-layi ba ta ga kuskure ba. Cikin gajiya ta ce, "Na gaya wa manhajar muna kan tsayin mita dubu da ɗari biyu. Da zan samu wanda zai je can ya auno mini iskar, da na huta." Ba da kowa take ba, amma Cindo na bakin ƙofa.

Da safe aka nemi igiyar rijiya mai mita goma aka rasa, aka nemi Cindo aka rasa. Inna ta wuni a tsaye. Sai la'asar ya dawo, tafin hannunsa duk ya saɓule, ya durƙusa gaban ƙanwarsa.

"Ki yi haƙuri, ban kai ba. Igiya talatin da ɗaya na auna, sai dutsen ya ƙare. Saura sama ce, ba wurin taka ƙafa."

"Yaya, ai daga bakin teku ake ƙirga wannan tsayin. Nan da muke zaune mun riga mun kai."

"Ba ki ce teku ba. Ni daga inda nake tsaye na fara."

Tasalla ta jawo kwamfutar. Ita ma manhajar ba a taɓa ce mata teku ba. Matakan da ake aiko mata daga doron ƙasa ake ƙirga su, don haka manhajar ta ɗauki dubu da ɗari biyun ta ɗora a kan rufin gidajenmu. Shekara biyu ke nan tana ba manoma labarin busasshiyar iskar da ko shaho ba ya kaiwa. Layi ɗaya Tasalla ta gyara, kafin magariba wayoyin gari suka ɗauki ƙara: a yi feshi gobe da sassafe.

Gonar hayin rafi ta riga ta tafi, amma ta Inna ta tsira. Ranar da aka haƙe dankalin, Cindo ya zo da igiyar a kafaɗa ya ce wa Tasalla, "Saura igiya tamanin da tara. Yaushe zan ƙarasa?"

Inna ta karɓe igiyar daga kafaɗarsa ta ce, "Ka ƙarasa, Cindo. Zauna ka ci abinci."